Ɗantsoho Baduku da Akwatin Akawu

Ɗantsoho baduku ne, kuma shi ne kakan kakata Rabi'atu ta wajen uba. Kaka ba ta same shi da rai ba, amma ta sami matarsa Kyauta, ta yi shekaru tana kwana a ɗakinta, kuma daga bakinta ta ji wannan labari. Ni kuma na ji shi guntu-guntu daga Kaka, yawanci in ina taya ta gyaran zogale. Akwai kalma ɗaya a ciki da ba ta yarda ta furta da ƙarfi. In ta zo wurin sai ta dubi ƙofa, ta rage murya. Kalmar ita ce maita.

An haife shi a Ɗanzomo gab da zuwan Turawa. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka. Yana matashi aka yi babbar yunwa, ta tafi da iyayensa da ƙannensa. Ya bi wasu fatake zuwa Gumel, wajen wani ƙanin mahaifinsa mai dukanci, ya zauna a zaurensa har hannunsa ya faɗa. Daga baya aure ya kawo shi wani ƙauye kusa da Gagarawa, garin su Kyauta, inda ba su da baduku. Aka ba shi fili a gefen gari ya kafa gida, suka haifi Ilu da Hannatu. Amma baƙo ne. Ba shi da baffa ko ɗan'uwa a garin da zai tsaya a bayansa in magana ta taso.

Mutum ne marar yawan magana, kuma matsoraci, shi da kansa ba ya musu. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, in ya hango dogarin hakimi daga nesa sai ya sake hanya. Kyauta takan ce ko jaki ne ya tsaya a kan hanya, maigidanta zai jira ya gama tunani. Aikinsa takalma ne da kuben wuƙa da linzami da ɗinkin layu. In an yi girbi yakan je kasuwar Maigatari ya sayo jar fata wajen mutanen Damagaram, ya dawo a ranar da ya samu 'yan rakiya, don ba ya tafiya shi kaɗai.

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, leburori suka kafa sansani ba nisa da ƙauyen. A cikinsu akwai wani akawu mai suna Hussaini, mutumin Lokoja, mai rubuta sunayen ma'aikata. Yana jin Hausa, sai dai harshensa na kudu ne. Wata rana da hantsi ya yi sallama a zauren Ɗantsoho da wani abu a naɗe cikin tsumma.

“Nan ne wajen sarkin dukawa?”

“Sarauta ba ta iso nan ba tukuna, Malam. Baduku dai.”

Hussaini ya kwance tsumman. Wani ɗan baƙin akwati ne, bai fi tafin hannu biyu ba. Ya danna wani wuri, murfin ya buɗe, wani wuya na baƙar fata mai ninki-ninki ya miƙo kamar zugazugin maƙeri, a ƙarshensa akwai ido na gilashi. Ɗantsoho ya ja da baya har ya take wuƙarsa.

“Ba ya cizo,” in ji Hussaini. “Akwatin hoto ne. Duba nan, fatar ta tsage. Haske yana shiga ta nan yana ɓata mini aiki. Za ka iya toshe shi?”

Ɗantsoho ya iya. Ya fere fatar ɗan akuya har ta yi laushi kamar ganye, ya shafa mata baƙin rini, ya manna da ƙaro ta ciki. Hussaini ya lulluɓa da rigarsa ya leƙa cikin akwatin yana fuskantar rana, ya ce ko ɗigon haske babu.

Daga nan ya riƙa zuwa. Yakan kawo goro, ya zauna a kan ƙirgi, ya yi ta surutu Ɗantsoho na ɗinki. Wata rana ya nuna masa 'yan takardu masu hoto: ga gada, ga jiragen ruwa a bakin Kwara, ga wata tsohuwa zaune a kan kujera ta ɗaure fuska.

“Mahaifiyata ce.”

Ɗantsoho ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambaya a hankali, “Tana raye?”

“Raye? Wallahi yanzu haka na san tana can tana faɗa da maƙwabta a kan kaji.”

Wannan ya kwantar masa da hankali ƙwarai. Ya faɗa wa Kyauta da daddare cewa abin ba ya kisa, don ga uwar mai shi ma an saka ta a ciki kuma tana nan lafiya.

Bayan girbi ake kokawa a dandalin garin, bayan sallar isha'i, in wata ya yi fari. A hura wutar kara a gefe biyu, makaɗa su zauna, 'yan mata su jeru da farantan gyaɗa da ƙuli-ƙuli, 'yan kokawa su zo har daga wajen Sule Tankarkar. Ɗantsoho ba ya rasa zuwa. Ba kallo ke kai shi ba, aiki ne. Yakan zauna a bakin fage da zabirarsa, in kambun wani ya tsinke ko layarsa ta ɓalle, a miƙo masa ya ɗinke nan take. Hussaini ya je kallo sau ɗaya, ya dawo ba shi da zance sai na yadda zai ɗauki hoton wurin ya aika gida.

Sai ya zo da akwati biyu, ya shimfiɗa su a zaure. Ɗaya ƙaramin nan da aka gyara. Ɗayan babba ne na katako, na wurin aikinsu, da ƙafafu uku da baƙin mayafi.

“To, Baduku, ba ni shawara. Wannan babban idonsa mai faɗi ne, yana shan haske da yawa, shi ya fi dacewa da dare. Amma sai na kafa masa ƙafafu, na shige cikin mayafi. Ranar da na kafa shi a kasuwar Gagarawa, mata suka gudu suka bar mini kuka da daddawa.”

“Ƙaramin fa?”

“Ƙaramin da rana ba shi da laifi. Da dare makaho ne. Farin wata ba ya isarsa, wutar kara ma haka. Sai an taimake shi da wannan.” Ya fito da wani ɗan gwangwani mai gari a ciki, toka-toka kamar albarushi. “A zuba a faranti a kunna, ya yi haske, shi ke nan. Kuma dole akwatin ya zauna a kan abu, kada ya motsa.”

“Hasken da yawa?”

“Kaɗan. Kamar an ƙyasta ashana.”

Ɗantsoho ya dubi babban akwatin, ya tuna yadda mutum zai shige baƙin mayafi a tsakiyar dandali da dare yana nuna mutane da ido ɗaya. Ya dubi ƙaramin, ya ga ai ko a aljihu zai shiga.

“Ƙaramin,” ya ce. “Shi ba wanda zai gani, ba wanda zai tsorata.”

“To ai ni in na riƙe shi za a gani. Ni baƙo ne, duk inda na tsaya ido yana kaina. Kai kuwa wurin zamanka ne. Ka ɗinka masa zabira mai ƙaramar huda, ka ɗora a kan akushi a gabanka. In na yi tari sai ka danna nan. Ni ina bayanka da farantin.”

Ɗantsoho bai so ba. Amma ya ci goron mutumin makonni da yawa, kuma cewa a'a tana yi masa wuya kamar yadda cewa to take yi masa. Ya ɗinka zabirar. Abin da bai sani ba shi ne, Hussaini sau ɗaya ya taɓa kunna garin nan, a cikin ɗaki a Lokoja. Da ya ga faɗin dandali sai ya ƙara mudu, ya cika farantin.

Gwanin garin a lokacin shi ne Haladu, ɗan wata bazawara Asama'u, ƙato mai son raha. A daren ya kama da wani baƙo. Kiɗa ya yi zafi, mutane sun matso har ƙafafunsu na taɓa Ɗantsoho. Haladu ya sa hannu a cinyar baƙon ya ɗaga shi sama. Hussaini ya yi tari. Ɗantsoho ya danna.

Kyauta tana can bayan mata a ranar. Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan fari ba, ko a walƙiya. Babu tsawa, sai wani huci kamar na babban maciji. Ta ga kowace fuska a dandalin tar, baki buɗe, ba launi, kamar gawarwaki a tsaye. Sannan duhu ya rufe, duhun da ya fi na farko, wani farin hayaƙi mai wari ya tashi. Gangunan suka tsaya. Wani ya ɗaga murya da salati, sai kowa ya watse. Aka tattake faranti, aka ture tsofaffi, uwaye na kiran sunayen yara. Haladu ya saki baƙon ya faɗi, shi kuma ya tsaya tsakiyar fage da hannu biyu a kan idanunsa yana juyawa.

A cikin wannan rikicin Hussaini ya zare akwatin daga zabira ya sulale. Amma kafin nan mutane da dama sun gani. Sun ga baduku zaune bai gudu ba, ga zabira a gabansa, ga wani ido yana ƙyalli a cikinta, ya nufi Haladu. Bai gudu ba ne don ƙafafunsa sun ƙi tashi.

Washegari ba wanda ya ce masa komai. A masallaci wanda ke kusa da shi a sahu ya ɗan matsa. Gaisuwa ta gajarta. Bayan 'yan kwanaki aka ce Haladu ya kwanta, zazzaɓi mai zafi, ba ya ci, ba ya gane mutane. Sannan aka ce yana sambatu, kuma abin da yake maimaitawa shi ne, “Baduku, rufe idon nan. Rufe idon nan, Baduku.”

A wancan zamanin wannan ya isa shaida. An yarda cewa wanda maye ya kama wa kurwa yakan ambaci sunan mayen a cikin zafin ciwo. Maganin kuma sananne ne: a kawo wanda aka ambata, a tuɓe masa riga a gaban jama'a, ya tsallake marar lafiyar, ta haka zai saki kurwar.

Barau, baffan Haladu, shi ya zo da mutane ƙofar gida. Bai yi sallama ba.

“Fito ka tsallake mana yaro.”

“Baba Barau, wallahi akwati ne. Na akawun nan ne, hoto yake ɗauka. Uwarsa ma tana ciki kuma...”

“Uwarsa ma? To ka ji. Har uwarsa bai bari ba. Fito.”

Ɗantsoho ya shiga gida don ya sa hula, da niyyar ya bi su a gama. Kyauta ta tare ƙofar ɗaki.

“Maigida, ina za ka?”

“In tsallake shi su ƙyale ni. Ai ba ni da komai a cikina.”

“In ka tsallake ya tashi, me za a ce? A ce kai ne ka riƙe shi, ka sake shi. In ka tsallake ya mutu, a ce ka riga ka cinye. Ko ta ina sunan ya hau kanka. Kuma ba kai kaɗai ba. Wa zai ba Ilu mata? Wa zai zo neman Hannatu? Wa zai sake shan furata? Har jikokinka za a riƙa nunawa da baki a bakin rijiya.”

Ya zauna a dokin ƙofa. Daga waje Barau na buga ƙyauren zaure da sanda.

Dagaci ne ya raba a ranar. Ɗantsoho ya durƙusa a gabansa ya yi bayani. Dagacin ba ya son rigimar da za ta kai kunnen hakimi, ga kuma ma'aikacin Turawa a ciki. Ya ce a bar baduku ya je ya zo da akawun da akwatinsa, a buɗe a gaban kowa. Barau ya yarda, da sharaɗin mutanensa za su zauna a ƙofar gidan har ya dawo. In bai dawo ba, ga matarsa da 'ya'yansa.

Mutumin da ba ya zuwa Maigatari sai da rakiya, ya kama hanya shi kaɗai. Ya isa sansanin ya tarar da toka da turaku kawai, aiki ya yi gaba wajen gabas. Ya bi tudun ƙasar da aka tara wa jirgi, ta cikin gonakin da aka girbe, ta cikin sabara da ƙaya. Ya wuce rugar Fulani karnuka suka biyo shi, bai tsaya ba, bai kuma yi gudu ba, don ba shi da sauran wurin sa wani tsoro. Ya kwana a gindin wata kuka ba tare da ya runtsa ba. Da rana ta ɗaga ya hango bukkoki da hayaƙi.

Hussaini na zaune a inuwa da littafinsa. Da ya gan shi ya miƙe, fuskarsa ta nuna ya san ba alheri ya kawo shi ba. Ya saurari labarin har ƙarshe yana murza hannu.

“Ba zan iya zuwa ba, Baduku.”

“Akawu, ka taimake ni don Allah.”

“In na shiga garin nan da akwatin, da rai zan fito? Kuma in na bar aiki ba izini an kore ni. Ka yi haƙuri. Laifina ne, na sani, garin hasken nan na zuba da yawa. Amma tsaya.”

Ya shiga bukka ya fito da wata 'yar takarda mai sheƙi.

“Ga abin da muka sha wahala a kansa. Bai ma fito ba. Sun motsa, hayaƙi ya shiga gaba, komai ya ɓaci. Kai musu wannan su gani da idonsu, babu kowa a ciki. Ba Haladu, ba kowa.”

Ɗantsoho ya karɓa. Takardar baƙa ce ƙirin, sai a tsakiya akwai wani fari mai tsawo, ba fuska, ba hannu, ya karkace kamar hayaƙi yana son tashi sama. Daga ƙasansa ƙafa ɗaya ta fito sosai, a dafe da ƙasa. A gefe kuma wasu ɗige-ɗige bibbiyu, idanun 'yan kallo. Bai taɓa ganin kurwa ba, amma da an ce ya kwatanta ta, haka zai kwatanta.

“Akawu, ka rantse ba ya ciki.”

“Wallahi tallahi takarda ce. Zazzaɓi ne ya kama shi, ko leburorinmu yana kamawa.”

“To me ya sa yake kiran sunana?”

“Kai ya gani ƙarshe kafin idonsa ya rufe. Wa zai kira?”

Maganar ta shiga kunnensa, amma ba ta kai cikinsa ba. A hanyar komawa ya sa takardar a hula, sai ya ji ba zai iya ɗaukarta a ka ba. Ya mayar aljihu, ya ji kamar tana ɗumi. Sau da yawa ya tsaya zai tura ta cikin ramin gara, sai ya tuna in da gaske Haladu na ciki, to shi ne zai binne shi. Ƙarshe a hannu ya riƙe ta, nesa da jikinsa, har gari.

Ya iso da la'asar sakaliya. Ba a bar shi ya shiga gidansa ba. Da aka ga ba akawu ba akwati, aka tasa shi gaba zuwa gidan su Haladu. Tsakar gidan cike da maza, mata sun leƙo ta kan danga. An fito da Haladu a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ƙaton nan ya zube, leɓunansa sun tsattsage, idanunsa a buɗe amma ba ya kallon kowa.

“Ina akawun?” in ji Barau.

“Ya ƙi zuwa.”

“Mun sani. Tuɓe rigar.”

Wani ya kama wuyan rigar ta baya. Ɗantsoho ya ji an fara ja. Ya hango Kyauta a bakin danga da Hannatu a goye, ba wadda ta tsaya kusa da ita.

“Mene ne a hannunka?”

Asama'u ce, uwar Haladu. Tana zaune a gefen tabarmar tana kore wa ɗanta ƙudaje, tun shigowarsu ba ta ɗaga kai ba sai yanzu.

“Iya, abin da akwatin ya ɗauka ne.”

“Kawo.”

“Kada ki taɓa!” in ji Barau. Ta miƙa hannu kamar ba ta ji ba. Ta kai takardar kusa da ido, ta juya ta ƙasa sama, ta sake juyawa. Ɗantsoho ya buɗe baki zai faɗi abin da Hussaini ya koya masa, cewa babu kowa a ciki.

“Ga shi nan,” in ji Asama'u. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. “Ga yaron nan. Ga ƙafarsa, na san ta. Ashe nan aka rufe shi.”

Ɗantsoho ya rufe bakinsa. Wasu suka ja da baya, wani ya ce a'uzu billahi. Hannun da ke wuyan rigarsa ya ƙara matsewa.

“To kin gani,” in ji Barau. “Ya kawo shaida da hannunsa. Sai ya tsallake.”

“Ya tsallake don me? A cikinsa take? Ga ta a hannuna. Barau, tun da kake, ka taɓa jin mayen da ya yi tafiyar ƙafa ya ɗauko abin da ya ci, ya kawo wa uwa a hannu? Dubi ƙafafunsa duk jini. Akwatin baƙo ne ya kama yaron nan, wannan ya bi ya karɓo.”

“Asama'u, wannan ba maganar mata ba ce.”

“Ni na yi naƙudarsa, ba kai ba. Ku ba ni ƙwarya da ruwa.”

Ba wanda ya motsa, sai ta tashi da kanta ta ɗebo. Ta yi bisimilla, ta tsoma takardar, ta riƙa gogawa da yatsa kamar yadda ake wanke allo in malam ya yi rubutun sha. Da farko ba abin da ya fita. Ta ci gaba da gogawa, fuskar takardar ta yi santsi, ta fara saɓulewa, baƙi da farin suka kwaɓe, har ya rage ba komai sai jiƙaƙƙen tsumma. Ta tallafi kan ɗanta ta ɗiɗɗiga masa a baki, ta shafe masa fuska da ƙirji da sauran.

“Sake masa riga,” ta ce da wanda ke riƙe da Ɗantsoho.

“In ya mutu fa?” in ji Barau.

“In ya mutu, ku yi abin da kuka ga dama. Ba zan hana ku ba.”

Kaka ta ce ta taɓa tambayar Kyauta ko Asama'u ta yarda da abin da ta faɗa, ko kuwa tausayi ne, don Asama'u da mahaifiyar Kyauta tare suka tashi. Kyauta ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya su suka fi wuya. Ɗantsoho ya zauna a zaure ba ya aiki, kunnensa na wajen unguwar su Haladu yana jiran kukan mutuwa. In wata mace ta ɗaga murya tana korar akuya, sai ya miƙe tsaye. Ya daina zuwa masallaci, yana salla a ɗaki. Kyauta ta ɗaure ƙunshin kaya ta ɓoye bayan rumbu, ta sassauta danga ta baya daidai wucewar mutum, ta wajen arewa. Ta koya wa Ilu cewa in ta tashe shi cikin dare don su gudu, kada ya yi magana. Ita ce ke zuwa rijiya, kuma takan jira sai kowa ya watse.

Ba a yi kukan ba. Wata safiya aka ji Haladu ya yi gumi ya nemi kunu.

Amma zauren Ɗantsoho bai sake cika ba. Gari ya rabu, wasu na cewa takarda ce, Barau da mutanensa na cewa mutumin ne, ya dai ji tsoro ya saki. Ba wanda ya kira shi maye a fili, ba kuma wanda ya kawo masa ko tsinkakken takalmi. Fatun da ya sayo suka bushe a rataye. Suka fara cin hatsin da aka ajiye don iri.

Ranar wata kasuwa, lokacin da hanya ta cika da masu wucewa, sai ga Haladu yana dogara sanda, wuyansa ya yi tsawo, riga na yawo a jikinsa. Ya tsaya a ƙofar zauren ya yi sallama da ƙarfi, yadda na nesa ma za su ji. Ɗantsoho ya amsa da kyar. Haladu bai shiga ciki ba, ya ja ƙirgi ya zauna a bakin ƙofa inda kowa zai gan shi, ya miƙe ƙafa.

“Baduku, auna. Ciwon nan ya cinye ni har takalmina sun yi mini yawa.”

Ɗantsoho ya durƙusa da fata da wuƙa. Amma bai iya taɓa ƙafar ba.

“Kama mana. Kai ne aka ce ka cinye ni? Kai da ɗan kwikwiyo ke kora har gida?” Ya juya wajen masu wucewa da suka tsaya kallo. “Ku dube shi don Allah. Wannan ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi rakiya.”

Wani ya yi dariya, wani ya taya shi. Ɗantsoho ya kama ƙafar. Ya zana, ya yanka, ya yanke ba daidai ba, sai da ya sake da wata fatar.

“Ka kuma biya ni kokawata,” in ji Haladu. “Na riga na ɗaga mutumin nan.”

Ɗantsoho ya rayu a garin har ya tsufa, a nan aka binne shi. Ilu ya gaji dukancin, ya auri 'yar unguwar, Hannatu kuma aka aurar da ita a Sule Tankarkar, masu binciken asali ba su dawo da wata magana ba. Barau dai bai sake taka zauren ba. Har ya mutu, in linzaminsa ya tsinke, Gumel yake aikawa a gyara.